Jiragen Napoleon da ke kwance a ƙasan tekun Abu Ƙir: a ciro su ko a bar su, kuma na wane ne?

Malam Sani Tarihi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon Masar za mu. Gabas da birnin Iskandariyya akwai wani lungu na teku da ake kira Abu Ƙir, daf da inda reshen Kogin Nilu na Rashid yake zuba a Bahar Rum. A nan ne ranar 1 ga Agusta 1798, cikin watan Safar na 1213, jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Horatio Nelson suka auka wa jiragen Faransa da suka kawo Napoleon da dakarunsa Masar wata guda kafin nan. Manyan jiragen Faransa 13 ne, da matsakaita 4, duka na katako, iska ke tura su. Kafin a watse, Turawan Ingila sun kame 9 cikin manyan, 2 sun ƙone, 2 kacal suka kuɓuta. Cikin matsakaitan ma 2 sun halaka.

Babban cikin jiragen Faransa, L'Orient, mai igwa wajen 120 a hawa uku, wuta ta kama shi har ta kai ga ma'ajin albarushi, ya tarwatse da misalin ƙarfe 10 na dare. Har yau ragowarsa na nan a ƙasan ruwa, zurfin kamar mita 11, kuma an gano matsakaitan nan biyu, Sérieuse da Artémise, a yankin. Wani Bafaranshe mai nutso, Jacques Dumas, shi ya fara gano jirgin a 1983, sannan Franck Goddio da tawagarsa suka yi aikin tono a 1998 da 1999 tare da hukumar kayan tarihi ta Masar.

Abin da nake so mu yi muhawara a kai: irin wannan wuri, a ciro abin da ya rage a kai gidan tarihi, ko a bar shi inda yake? In kuma an ciro, kayan wa ke nan? Ni dai a ganina wurin maƙabarta ce kafin ya zama komai, amma ina son jin ta bakinku.

Abban Khadija

Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da na taɓa ji shi ne jirgin nan cike yake da dukiyar da Napoleon ya kwaso daga tsibirin Malta. In haka ne, me ake jira? Masar na fama da bashi, ga zinariya kwance a cikin ruwanta.

Malam Sani Tarihi

Abban Khadija, gaskiya ne Napoleon ya tsaya Malta a watan Yuni 1798, ya ƙwace tsibirin daga hannun mayaƙan Kirista da suka mulke shi tun 1530, ya kuma kwashe zinariya da azurfa daga baitulmalinsu da coci-coci. Labarin cewa duk dukiyar ta nutse tare da L'Orient ya daɗe yana yawo. Amma ka tuna jirgin ya yi wata guda cur a gaɓar Masar kafin yaƙin, Napoleon kuma yana da sojoji sama da dubu 30 da zai ciyar ya biya. Mutum mai irin wannan hidima ba zai bar kuɗinsa a cikin jirgi ya tafi Alƙahira ba. Masu nutso sun samu tsabar kuɗi na zinariya da azurfa da jan ƙarfe, na Faransa da Malta da Daular Usmaniyya da Venis da Sifaniya, amma ba su ci karo da tulin dukiyar da ake ta zuzutawa ba.

Ɗalibin Iskandariyya

Allah ya gafarta Malam, bari in sa baki tunda a garin nake karatu. Abu Ƙir yanzu unguwa ce a ƙarshen gari ta gabas, an san ta da gidajen cin kifi, ga tashar jiragen ruwa, ga masana'antu. Ruwan wurin ba garau yake ba, laka da ƙazantar masana'antu sun dagula shi, mai nutso sau da yawa ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku kaɗan a gabansa. Na faɗi haka ne don wasu na zaton za a nutsa a tarar da jirgi a tsaye da igwoyinsa a jere. Abin da ke ƙasa tarkace ne a warwatse: igwoyi, harsasan igwa da tsatsa ta manne su wuri guda, gutsattsarin fallayen jan ƙarfe, da wani sashe na ƙasan jirgin da yashi ya binne.

Yadda tarkacen ya warwatsu ɗin nan shi ne ilimin. Daga taswirar da tawagar Goddio ta zana, inda kowane abu ya faɗa, suka fahimci fashewa biyu ce ta auku kusan lokaci guda, ba ɗaya ba kamar yadda aka daɗe ana rubutawa. Akwai igwar da aka samu sama da mita 200 daga inda jirgin yake. Sun kuma samu angogi na jirage daban-daban a kewayen, waɗanda suka nuna inda wasu jiragen suka tsaya a daren. Da wani ya riga su ya kwashe igwoyin ya sayar wa 'yan gwangwan, da wannan bayani ya tafi har abada.

Baba Mai Kwalekwale

Yaro, ni tambayata ta sana'a ce. Na yi shekaru ina sassaƙa da gyaran jirgi a Yawuri. Jirgin katako in ya nutse a kogi aka bar shi, wani ya ruɓe, wani kuma in laka ta rufe shi sai ka tono shi bayan shekaru ka ga katakon ya yi baƙi amma yana nan. To na teku fa? Ruwan gishiri ba ya cinye shi cikin shekara 200?

Ɗalibin Iskandariyya

Baba, abin da ka gani a kogi shi ne dai a teku. Gishirin ba shi ne babban maƙiyin katako ba. Akwai wata halitta mai kama da tsutsa, dangin kumbar ruwa ce, tana huda katako tana ci ta ciki, kamar yadda gara ke yi wa azara: waje lafiya, ciki ya zama rariya. A teku mai ɗumi da gishiri irin Bahar Rum, duk katakon da ke a fili 'yan shekaru kaɗan ne ta gama da shi. Wanda laka ko yashi ya rufe, inda iska ba ta kaiwa, shi ke rayuwa. Saboda ita ne ma Turawa a ƙarshen ƙarni na 18 suka riƙa lulluɓe cikin jiragen yaƙinsu da fallen jan ƙarfe.

Shi ya sa jiragen da suka fi zama cif suke tekun Baltik, can arewacin Turai, mai sanyi da ƙarancin gishiri, inda halittar ba ta jin daɗin zama. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Mars ya nutse a yaƙi a 1564, aka gano shi a 2011 a zurfin mita 75, katakonsa da igwoyinsa na tagulla suna nan.

Baba Mai Kwalekwale

Madalla. To ashe laka ce mai gadinsa. In haka ne wanda ya yaye lakar ya bar katakon a fili, shi ya kashe jirgin.

Injiniya Maryam

Baba ya faɗi magana. Kuma ciro shi waje ya fi yaye lakar haɗari. Katakon da ya shekara ɗaruruwa a ruwa, abin da ke riƙe da ƙwayoyinsa ya zagwanye, ruwa ya maye gurbin. Ranar da ya bushe sai ya tsuke, ya tsattsage, ya murɗe. Dole sai an maye gurbin ruwan da wani sinadari mai kama da kakin zuma, a hankali a hankali.

Ku dubi abin da ya ci wa waɗanda suka gwada. Suwidin ta ciro jirgin Vasa a 1961, wanda ya kife a tashar Stockholm a 1628 ranar fitarsa ta farko. Shekara 17 ana fesa masa sinadarin nan. Bayan an gama an gina masa gida, sai kuma aka gano ƙibiritun da ya shiga katakon tun yana ruwa yana haɗuwa da ƙarfe da iska yana zama asid, yana cin jirgin ta ciki, har yau ana fama. Ingila ta ciro Mary Rose a 1982, jirgin Sarki Henry na Takwas da ya nutse a 1545 ana tsakar arangama da Faransawa. An fesa masa ruwa zalla shekara 12, sannan sinadari daga 1994 zuwa 2013. Kusan rabin jirgin ne ma ya rage, ɓangaren da ya kwanta cikin laka.

Wannan hidima ba ta ƙarewa. Na'urar daidaita sanyi da danshi ba ta hutawa dare da rana. Ƙasar da ba ta shirya ɗaukar wannan nauyi na shekara 50 ba, gara ta bar katakon a lakarsa.

Malam Idi Damagaram

Sannunku da ƙoƙari. Ni a makarantar Faransanci na tashi, kuma a littattafanmu yaƙin da Napoleon ya ci Mamluk, masu mulkin Masar a lokacin, kusa da dalar Giza ranar 21 ga Yuli shi ake kambamawa, Abu Ƙir ta ruwa kuwa sai a wuce ta da sauri. Sai da na girma na karanta yadda abin ya faru. Shugaban jiragen Faransa, Brueys, ya jera jiragensa a layi kusa da wuri marar zurfi, yana ganin ba wanda zai iya bi ta tsakaninsa da gaɓa. Don haka igwoyin ɓangaren tudu ba a ma shirya su ba, kaya ne jibge a gabansu. Mutanensa da yawa kuma suna tudu suna haƙar rijiya da neman abinci. Turawan Ingila suka iso da la'asar sakaliya, ba su jira gari ya waye ba. Kyaftin Foley na jirgin Goliath ya lura kowane jirgin Faransa anga ɗaya ya jefa ta gaba, wato an bar masa filin juyawa in iska ta sauya, filin da jirgi zai juya kuwa wani jirgin zai iya bi. Ya kutsa ta ciki, huɗu suka bi shi, sauran suka bi ta waje. Jiragen gaba na Faransa suka sha wuta ta gefe biyu, na baya kuma iska ba ta ba su damar kawo ɗauki ba.

Brueys ya mutu a kan L'Orient kafin fashewar. Kyaftin ɗin jirgin, Casabianca, ya mutu tare da ɗansa ƙaramin yaro. Ƙarar fashewar har Rashid an ji ta, kuma duka ɓangarorin sun tsaya da harbi na wasu mintuna. Turawan Ingila sun tsamo mutum kamar 70 daga ruwa.

A ganina jirgin na Faransa ne. Mutanenta ne suka gina shi a Toulon, mutanenta ne suka mutu a ciki.

Barista Hauwa

Malam Idi, a doka kana da madafa. Abin da ƙasashe masu manyan rundunonin ruwa suka tsaya a kai shi ne jirgin yaƙi mallakar ƙasarsa ne ko ya shekara nawa a ƙasan teku, sai in ita ta ce ta sallama. An gwada wannan a kotu. Wani kamfanin Amurka mai suna Odyssey ya kwaso tsabar kuɗi kusan 600,000 a 2007 daga wani jirgin yaƙin Sifaniya, Mercedes, da Turawan Ingila suka nutsar a 1804 kusa da Fotugal. Sifaniya ta kai ƙara a Amurka ta yi nasara, a 2012 aka loda kuɗin, wajen tan 17, a jiragen sama aka mayar mata.

Amma ku lura da abin da ya faru a shari'ar nan. Ƙasar Peru ta shigo ta ce azurfar daga ƙasarta aka haƙo ta, a Lima aka buga kuɗin, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallaka. Kotu ba ta ba ta ko sisi ba. Wannan ne ya sa ban gamsu da ƙa'idar ba, ko da yake na san ita ke aiki. Tana kare wanda ya mallaki jirgi, ba ta tambayar inda ya samo abin da ya loda.

Akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda ta shafi duk abin da ya shekara 100 a ruwa. Ta ce barin abu a inda yake shi ne zaɓin da za a fara dubawa, ta hana cinikinsa, ta kuma ce a mutunta gawarwakin da ke wurin. Najeriya ta sa hannu ta amince tun 2005, Faransa a 2013, Masar a 2017. L'Orient yana cikin ruwan Masar, don haka ba mai taɓa shi sai da izinin Masar, abin da aka ciro kuma a Masar yake zama.

Malam Idi Damagaram

Barista, na ji. Amma in mun ce na Masar ne don yana ruwanta, to gobe in jirgin wata ƙasar Afirka ya nutse a ruwan Turai da sojojinta a ciki, mu ma sai mu yi shiru?

Barista Hauwa

A'a Malam. Bambanci nake yi tsakanin gawa da kaya. Ƙasusuwan matuƙan, Faransa na da haƙƙin a tuntuɓe ta a kansu, ba na jayayya. Amma jirgin da ya zo mamaye ƙasa, ya nutse a bakin ƙofarta, ya shekara 200 a can, ya riga ya shiga tarihin ƙasar da ya zo mamayewa.

Ummu Salma

Ina bin ku daga Sudan, kuma akwai abin da ke damuna tun farkon zancen nan. Duk sunayen da aka ambata, Nelson, Brueys, Foley, Goddio, ba Bamisire ko ɗaya. Turawa biyu sun zo sun yi faɗa a ruwan mutane, bayan shekara 200 jikokinsu sun zo sun tono, mu kuma muna nan muna maimaita labarin da bakinsu. Mutanen Iskandariyya suna ina a wannan daren?

Ga mutum ɗaya da ya kamata a ambata: Sayyid Muhammad Kurayyim, mai riƙe da Iskandariyya a lokacin. Malamin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rayu a zamanin, ya kawo cewa kwanaki kaɗan kafin isowar Faransawa jiragen Ingila sun zo suna nemansu, suka nemi a bar su su tsaya su jira, Kurayyim ya ƙi, don bai yarda da su ba. Da Faransawa suka zo ya yaƙe su da ɗan abin da yake da shi. Daga baya suka kama shi, suka sa masa tara mai nauyi, bai biya ba, suka harbe shi a Alƙahira a watan Satumba 1798. A watan Oktoba mutanen Alƙahira suka yi bore, Faransawa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakai.

Abin kuma ya taɓo mu kai tsaye. Da jiragensa suka halaka, Napoleon ya rasa hanyar samun ƙarin sojoji daga gida. A 1799 ya rubuta wa Sarkin Darfur, Abdurrahman ar-Rashid, yana neman a aiko masa da bayi baƙaƙe 2,000 matasa majiya ƙarfi. Wato giɓin da wutar Abu Ƙir ta bari, da 'ya'yanmu ya so ya cike shi.

Malam Sani Tarihi

Ummu Salma, Allah ya saka da alheri, kin kawo abin da zauren ke buƙata. Bari in ɗora da wani abu da aka tsamo daga jirgin wanda ni a wurina ya fi tsabar zinariyar nan daraja: haruffan ɗab'i na dalma, irin waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a buga takarda. Napoleon ya taho da injin ɗab'i, har da haruffan Larabci da aka kwaso daga Roma. A cikin L'Orient ɗin nan, ana kan teku, aka buga takardar shelar da ya raba wa Misirawa da Larabci, wadda ta buɗe da Bisimilla, tana cewa ya zo ne ya cece su daga zaluncin Mamluk, yana girmama Annabi (SAW) da Alƙur'ani. Al-Jabarti ya kwafe takardar, ya bi ta yana fito da kurakuran nahawunta da ƙaryar da'awarta.

To kun ga, ga malamin Azhar ya bar mana martaninsa a rubuce, ga kuma ƙasan teku ta ajiye mana irin kayan aikin da aka yi farfagandar da su. In aka haɗa biyun, ɗalibi zai ga yadda mamaya take zuwa da igwa a hannu ɗaya da takarda mai daɗin baki a ɗayan. Wannan darasi na Misirawa ne da mu, ko Turawa ba su damu da shi ba. A lokacin nan Shehu Usmanu yana Ɗegel yana karantarwa, saura shekara 6 a yi hijira zuwa Gudu. Shekara ɗari da 'yan kai bayan Abu Ƙir, irin wannan takarda da irin wannan igwa suka iso ƙofar Kano da Sakkwato.

Abban Khadija

Na karɓi maganar haruffan. Amma har yanzu ina da tambaya ga malamai. A shari'a, wanda ya nutsa ya tsinci zinariya a ƙasan teku, ba tasa ba ce? Na san ana fitar da humusi a dukiyar da aka tono.

Ustaz Bashir

Ɗan'uwa, hadisin humusi a kan rikazi ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma malamanmu na Malikiyya sun fassara rikazi da abin da mutanen jahiliyya suka binne. Sun kuma ce abin da teku ta tofo wanda ba a taɓa mallakarsa ba, kamar ambar, na wanda ya tsinta ne ba humusi. Kayan da aka san an taɓa mallaka kuwa suna da nasu bayani daban, gwargwadon ko wane ne mai su. Sannan a yau hukuma ta hana taɓa irin waɗannan wurare don maslahar jama'a, kuma wannan hani ne da ake bi. Ba zan ba wani fatawar ya saci hanya ya je ya kwasa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Malam Sani ya fara da shi. An samu ƙasusuwan mutane a tarkacen nan. Gawar Bayahude ta wuce, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ce? Waɗannan matuƙa sun zo cikin rundunar zalunci, ba mu wanke su ba. Amma da yawansu talakawa ne da aka tattaro daga garuruwan gaɓar Faransa, har da yara. Sun mutu a ƙone ko a nutse. Ba daidai ba ne a jera ƙoƙon kan ɗan Adam a gilashi ana karɓar kuɗin shiga.

Ɗalibin Iskandariyya

Ustaz, akwai misali mai kyau a nan kusa. A bakin lungun akwai ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Nelson. Wani masanin tono ɗan Italiya, Paolo Gallo, yana binciken kufai na zamanin da, sai ya ci karo da kaburburan Turawan Ingila, wasu na yaƙin 1798, wasu na 1801 lokacin da sojojinsu suka sauka a wurin, har da mata da jarirai. Teku na cin gaɓar tana shirin tafiya da su. Aka tono su, aka yi nazari, sannan a 2005 aka sake binne mutum 30 a maƙabartar Shatbi da ke cikin Iskandariyya. An samu ilimin, an kuma mayar da mutane ƙasa.

Injiniya Maryam

Wannan shi ne tsarin da nake goyon baya, a ruwa ma. Ƙananan kaya da ɓarayi za su iya ɗauka ko tsatsa ta cinye, a ciro, a wanke gishirin, a adana. Katako a auna, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska a haɗa a kwamfuta, a mayar da yashi a rufe. Ƙashi a binne.

Mu ma fa muna da namu gwajin a gida. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a Jihar Yobe ta yanzu, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000, yana cikin mafiya tsufa a duniya. Danshin ƙasa ne ya riƙe shi duk tsawon zamanin nan. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi, sai da aka jiƙa shi cikin sinadari a Damaturu kafin a yi maganar nuna shi. Kwalekwale ɗaya ke nan na itace guda. Ku kwatanta da jirgi mai hawa uku.

Baba Mai Kwalekwale

'Yata, wannan na Dufuna ina son in gan shi da idona kafin in mutu. Ina son in ga bakin gatarin, in san ta ina ya fara sassaƙar. Nan ne nake ɗan saɓa muku. Hoto a kwamfuta ba zai nuna mini yadda aka haɗa katako da katako ba, sai na sa hannu. Gani ya kori ji. In an rufe komai a ƙasan teku, masu kuɗin sayen kayan nutso ne kaɗai za su gani, masunci na Abu Ƙir da jikansa ba za su taɓa gani ba. A ciro ko da ƙaramin sashe ne, wanda za a iya riƙewa.

Malam Idi Damagaram

Ina tare da Baba. Kuma akwai sashen da ya dace. An samu katakon da ake juya akalar jirgin da shi, a jikin tagullarsa an rubuta Dauphin Royal. Sunan jirgin na farko ke nan da aka sa shi a ruwa a 1791, sunan yarima mai jiran gado. Da juyin juya hali ya kawar da sarauta aka mayar da shi Sans-Culotte a 1792, laƙabin talakawan da suka yi boren, sannan a 1795 ya zama L'Orient. Wannan rubutu shi ya tabbatar wa masu nutso jirgin da suke kai. Yaro ɗan makaranta in ya tsaya gaban wannan tagulla, an gama koya masa shekara bakwai na tarihin Faransa.

Ummu Salma

Ban ƙi ba, Malam Idi, da sharaɗin a Iskandariyya za a ajiye shi, kuma allon bayanin ya fara da Larabci, ya ambaci Kurayyim da mutanen Azhar. Mun ga abin da ya faru da Dutsen Rashid, dutsen nan mai ɗauke da rubutun Misirawan da: sojojin Faransa suka same shi a 1799, Turawan Ingila suka karɓe shi a 1801 da suka ci su, tun 1802 yana Landan, Masar na ta roƙo. Turawan Ingila ma sun riga sun ɗauki rabonsu na L'Orient tun a washegarin yaƙin: wani kyaftin ɗinsu, Hallowell, ya tsamo guntun babban jigon jirgin ya sa aka yi akwatin gawa da shi ya ba Nelson, kuma a cikinsa aka binne shi bayan ya mutu a 1805.

Ɗalibin Iskandariyya

Yaya Ummu Salma, ta wannan fuskar an samu ci gaba. Masar ta kafa sashen kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa tun 1996, Jami'ar Iskandariyya tana da cibiyar da ke horar da ɗalibai wannan fanni, kuma Misirawa masu nutso suna cikin aikin. A gidan tarihin da ke cikin babban ɗakin karatu na Iskandariyya akwai sashe na kayan da aka tsamo daga teku. Abin da ya fi jan kuɗi da hankali yanzu shi ne tsohon birnin Heraklion da Goddio ya gano a lungun nan a 2000, mai gumaka da haikali da jirage na zamanin Fir'aunoni wajen 70, don haka jiragen Napoleon sun ɗan koma gefe. Ni damuwata ita ce aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa da ake yi a yankin. Yashe ƙasan teku da cike gaɓa suna sauya yadda yashi ke tafiya, abin da ke rufe yau gobe yana iya zama a fili.

Barista Hauwa

To wannan ya sauya lissafi. Yarjejeniyar 2001 ta ce a fara duba barin abu a wurinsa, ba ta ce dole a bar shi ko da zai lalace ba. In yashin da Baba ya kira mai gadi ya fara tashi, ciro abin da za a iya riƙewa ya zama wajibi a kan hukuma. Ɗalibi, in ka samu dama ka tambayi malaman cibiyar nan ko ana komawa duba wurin lokaci-lokaci, da kuma inda aka ajiye haruffan dalmar, ka kawo mana amsa a nan.

Ɗalibin Iskandariyya

In sha Allahu, Barista. Bayan jarrabawa zan je, zan kuma tambaya ko ana barin ɗalibai baƙi su shiga ma'ajiyar kayan.